Tabawa Mai Yaji a Birnin da Aka Haramta Zufa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya ba kowace ƙasa ranarta da ruwanta, ya ba kowane jiki abin da zai iya ɗauka. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku masu sauraro, ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, don in na fara ba na son a katse ni.

Ni ce Tabawa 'yar Nomau, mai dakan yaji a garin Rafin Kimba, can ƙarshen ƙasar Tunga Tara. Na yi tafiyar da mazan garinmu suka ji tsoron yi, na dawo da ƙafata. Ba yabon kai ba ne, abin da ya faru ne.

Kakanninmu sun ga zuwan Mutanen Ƙanƙara. Sun zo cikin jiragen ƙarfe daga ƙasar da ruwa ke daskarewa, suka mulke mu shekara saba'in, suka kwashi abin da za su kwasa, suka tafi. Allah ya raka taki gona. Abin da suka bari shi ne masifar: birni guda, littafi guda, da 'yan ƙasa waɗanda suka haddace littafin. Waɗannan magada su ne ke aiko manzanni ƙauyuka duk shekara su ɗebi yara masu kaifin ƙwaƙwalwa. Haka aka ɗauki ƙanena Jatau, autanmu, yana ɗan shekara goma. Shekara ashirin ba shi ba labarinsa, har babanmu ya rasu yana duban hanya.

A farkon bazarar da nake ba ku labari, yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Mai maganin ido ya duba, ya girgiza kai, ya ce kafin ruwan farko ya sauka idon nan ya rufe. Inna ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan," don ba ta faɗar sunana, ni ce 'yar fari, "ba na roƙon ido don in ga hatsi ko in ga rana. Fuskar Auta nake so in gani sau ɗaya, sannan idon ya rufe abinsa."

Na zagaya wajen kawunnanmu, kowa ya ce ƙafarsa na ciwo. Na ce to, Allah ya sawwaƙe. Na ƙulle yajina a jakar fata, na ɗaura zane, na kama hanya.

Kwana tara ina tafiya na isa Garin Masu Jira. Gari ne a bakin wani teku da ya ƙafe, daidai inda jiragen baƙi suka tashi ranar tafiyarsu. Wai babbansu na ƙarshe, da zai hau jirgi, ya waiwayo ya ce wa masu ɗaukar kayansa, "Ku jira nan." Shi ke nan fa. Su da 'ya'yansu da jikokinsu suna nan a jere kan dakalin dutse, sun ci ado, kowa ya fuskanci gabas. A nan suke haihuwa, a nan suke mutuwa, gona ba mai zuwa, sai ɗan abin da aka tsinta a ci a tsaye. Kuma duk baƙon da ya ratso sai su ɗaura masa igiya a ƙafa su sa shi a layi, don a wajensu wucewa raini ne.

Haka suka ɗaure ni tsakanin wani kurma da wata mai ciki. Na kwana biyu ina tafasa. A rana ta uku Sarkin Jira ya zo dubawa, wani tsoho mai riƙe da yagaggiyar laimar da baƙon ya manta. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. In iyayen gidanmu suka sauka gobe, wa ya gaya wa mutanen birni su share musu masauki?"

Tsohon ya yi sororo. Ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa. Ashe tun zamanin kakansa ba wanda ya taɓa tunanin haka.

"Subhanallahi," in ji shi. "Da mun sha kunya! To wa zai je? Ba mai yarda ya rasa wurinsa a layi."

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni baƙuwa ce, wurina na can ƙarshe. Zan sadaukar."

Har addu'a suka yi min. Suka kwance ni, suka ba ni wata jimina mai tsawon raƙumi, wadda ke cin tafiyar kwana uku a wuni guda. Na hau ina dariya ƙasa-ƙasa, amma da na waiwaya na ga mai cikin nan ta matsa ta cike gurbina, sai dariyar ta maƙale min.

Daga nan na faɗa Filin Madubi. Baƙi ne suka kakkafa madubai a wurin, dubbai, kowanne ya fi bangon ɗaki tsawo. Sihirinsu shi ne, in ka duba ba kanka za ka gani ba, sai kai ɗin da aka gyara: fata fara sol, hanci siriri, gashi ya zubo har kafaɗa. Gindin kowane madubi ƙasusuwan mutane ne a zube, waɗanda suka tsaya kallo har yunwa ta kashe su. Na ce ni Tabawa, wa zai ruɗe ni? Na duba.

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba. Daga hantsi har la'asar ina tsaye. Matar da ke cikin madubin nan ba ta taɓa riƙe taɓarya ba, ba wanda zai ce mata ta zauna a ƙasa. Na so ta, na kuma ji haushin hannuwana. Sai da jiminar ta gaji ta sassare ni a ƙeya sannan na ɗan dawo hayyacina, amma idona ya ƙi ɗaukewa. Na laluba jaka, na dumbuzo yaji, na watsa a idona da hannuna. Wayyo Allah! Na yi ihun da ya tsinka igiyar zanena. Hawaye suka rufe min gani, na rungume wuyan jimina, ta fitar da ni. Kwana biyu ina tafiya da kumburarrun idanu.

A kwana na ashirin, rana tsaka, bazara ta kai bazara, na hango Birnin Ulu. A bayan ganuwa bukkoki ne birjik, can talakawa suke, ana ce musu 'Yan Zufa. Wata tsohuwa mai suna Gwamma, wadda ke hura wuta a madafar fada, ta ga na jigata ta ba ni ruwa. Ina sha sai ga wani ya leƙo ta saman ganuwa, sanye da rigar ulu har ƙasa, hula ta rufe kunnuwa, hannu cikin safa. Ya kira ɗan'uwansa ya ce, "Ina sanyi?" Ɗayan ya amsa yana haki, "Lokacinsa ne."

Na ce, "Iya, mahaukata kuke tsarewa a ciki?"

Ta toshe min baki. "Rufa mana asiri, 'yata. Masu mulki ne. Littafin watanni da baƙi suka bari na ƙasarsu ne, ya ce yanzu tsakiyar sanyi ake. Tunda littafi ya faɗa, sanyi ake yi. Duk wanda ya yi zufa ya ƙaryata littafi, jininsa na ƙauye ne, wurinsa bayan ganuwa. Su na ciki Busassu ake ce musu."

"To su ba jiki gare su ba?"

"Ba sa shan ruwa sai kurɓi uku a wuni. Suna shafa wata farar hoda mai toshe fata. Suna zama a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, mu muna yi musu fifita. Kullum sai wani ya yanke jiki ya faɗi, su ce barcin sanyi ne ya ɗauke shi. Mu kuwa mu noma, mu dafa, mu ɗauki kashinsu, amma ba mu isa mu bi ta babbar ƙofa ba."

Na tambaye ta Jatau, na kwatanta mata tabon da ke haɓarsa. Ta riƙe baki. Ta ce ai shi ne Mai Farin Ƙyalle, wanda ke tsayawa a ƙofa yana danna ƙyalle a goshin duk mai son shiga. In ƙyalle ya jiƙe, bulala goma, a kora ka. Sun ba shi wani suna na baƙi, Gwamma ta gwada faɗa sau uku harshenta ya ƙi.

Nan na yi kuskuren da har yau nake cizon yatsa. Gwamma ta ce in bari ta kai masa saƙo a ɓoye. Ina! Zumuɗi ya hana ni. Na shiga layi, zufa na tsiyaya har gwiwa. Da aka zo kaina na ɗaga ido, ga Jatau, ya yi tsawon babanmu, fuska fari fat da hoda, leɓe duk ya tsattsage. Ya ɗago ƙyalle bai ko dube ni ba.

Na ce da ƙarfi, gaban dogarai da kowa, "Jatau! Auta! Ni ce Yaya Tabawa. Inna na makancewa, kai take son gani."

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya ce da wata irin murya ta hanci, "Ban san wannan mata ba."

"Ba ka san ni ba? Ni da na goya ka har bayana ya yi kanta? Don ubanka, dube ni!"

Ya dube ni. Sai na ga ɗigon zufa guda ɗaya ya keto hodar nan a gefen goshinsa, ya gangaro. Ba ni kaɗai na gani ba. Mataimakinsa, wanda da ma ke haƙon kujerar, ya fizge ƙyallen ya danna masa, ya ɗaga sama yana ihu. Kafin in ce wani abu dogarai sun yi ciki da shi, ni kuma na sha bulalata goma.

Gwamma na gasa min baya tana faɗa. "Kin ga abin da bakinki ya jawo? Busasshen da ya yi zufa ɗan algus ne, ba kora ake yi masa ba, shanya ake yi. A ɗaure shi kan rufin ƙarfe har ya bushe da gaske. Jibi ne Bikin Tsakiyar Sanyi, bayan an ci abinci Wakilin Sanyi zai yanke hukunci."

Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Na zo in kai wa Inna ɗa, ga shi na kashe mata shi. Amma kuka ba ya daka yaji. Na share ido na ce, "Iya, me suke ci ranar bikin?"

"Abin da ke littafi. Nama dafaffe da ruwa, ba gishiri sosai, ba komai. Salam kamar ruwan wanki."

Na ce, "Shigar da ni madafa."

Ranar biki na bi ta ƙaramar ƙofar da 'Yan Zufa ke shiga a durƙushe. Na zazzage jakata kaf: barkono, citta, masoro, kanumfari, kimba, tafarnuwa, da daddawar da na riƙo don guzuri. Gwamma na ta cewa da sun ɗanɗana za su tofar, a shanya mu duka. Na ce, "Iya, kansu ne ya haddace littafin baƙi. Harshensu na kakanninsu ne."

Aka jera su a babban zaure, su ɗari da wani abu, cikin ulu da huluna, ga wuta an hura a tsakiya wai ana jin ɗumi. Jatau na gefe a ɗaure. Aka kai farfesu. Wakilin Sanyi, wani ƙaton tsoho mai riga uku, ya kai cokalin farko. Ya tsaya. Idonsa ya yi ja. Na ce shi ke nan, tamu ta ƙare. Sai ya kai na biyu, ya kai na uku, ya ajiye cokali ya ɗaga akushin ya kafa kai. Zauren nan ya ɗauki shiru, ba ka jin komai sai shan romo da jan majina. Wata tsohuwa a cikinsu ta fashe da kuka tana cewa miyar kakarta ce. Suna ci suna neman ƙari, har aka kankare tukwane.

Sannan abin ya zo. Zufa ta karyo musu gaba ɗaya. Hoda ta dame, ta riƙa gangarowa kamar kunu. Ta ɗiga daga gemu, ta ɗiga daga hanci, huluna suka jiƙe sharkaf.

Na fito daga madafa, na zare farin ƙyallen daga kafaɗar mataimakin nan, na taka har gaban Wakili. Na durƙusa yadda ya kamata, na ce, "Ranka ya daɗe, gafara." Na danna masa a goshi, na miƙe, na matse ƙyallen gaban kowa. Ruwa ya zuba a ƙasa, tsul-tsul.

Ba wanda ya motsa. Ni kuwa na ɗauka yau littafi ya mutu, za su tuɓe ulu su rungumi juna. Ashe ban san mutane ba. Wakili ya gyara murya ya ce, "Wannan raɓa ce. Littafi ya faɗa, a tsakiyar sanyi raɓa na sauka."

"Raɓa ce! Raɓa ce!" in ji zauren duka, kowa na sharce tasa.

Na ce, "Gaskiyarka, ranka ya daɗe, raɓa ce, wa ya isa ya musa? Kuma mai yawa. To tunda har cikin zaure mai rufi ta sauko wa manya, ina ga wannan bawan Allah da ke tsaye a ƙofa, a fili? Ɗigo guda fa aka gani a goshinsa."

Wakili ya dube ni kamar ya haɗiye ni. Ya dubi jama'arsa, kowa na ɗiga. In ya ce ta Jatau zufa ce, rufin ƙarfen ba zai ɗauke su duka ba. Sai ya ce, "A kwance shi. Raɓa ce ta sauka masa. A mayar masa da ƙyallensa. Wannan mata kuwa, in rana ta faɗi tana ƙasar nan, a shanya ta."

Aka kwance Jatau, aka miƙa masa ƙyalle. Ya karɓa. Wallahi ya karɓa, ya rataya a kafaɗa, bai dube ni ba. Dogarai suka ja ni waje.

Na yi sallama da Gwamma. Na ce ta biyo ni, ta ce ina za ta da jikoki bakwai, kuma gobe wa zai hura wutar? Na kama jimina, zuciyata kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Na kai wani tudu nesa da ganuwa ke nan na ji ana kira a baya, "Yaya! Yaya, tsaya!"

Shi ne, a guje, cikin rigar ulu da hula da safa, yana tangaɗi. Ya iso ya zube. Ya ce, "Da na ƙi karɓa a gabansu, da mu biyu za a shanya. Sai da na raka Wakili ɗakinsa, sannan na bi ta ƙofar da kuke bi a durƙushe." Sannan ya ce, "Tana gani har yanzu?"

Na ce, "Hau mu tafi, sarkin surutu."

Kada ku ɗauka nan take ya zama namu. Kwana uku ya ƙi cire hula, ya ce zai kamu da mura. Ruwa sai na yi masa tsawa yake sha. Muka zagaye Filin Madubi, muka zagaye Garin Masu Jira ta kudu, zagayen ya ci mana kwanaki. Muna sauran wuni biyu mu isa gida hadari ya haɗo daga gabas. Na roƙi Allah ya riƙe shi. Bai riƙe ba, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka tsaya cikinsa.

Da muka isa Rafin Kimba, na ce ya jira a zaure in shiga in shirya ta. Na tarar da Inna zaune bakin ƙofa, idanu fari fat. Ta ce tun kwana shida idon ya rufe. Na ce, "Inna, na kawo shi." Ta miƙe tana lalube.

Ashe ina ciki, shi wawan yana can yana shiri. Ya wanke jiki, ya shafe fuska da ragowar hodarsa, ya maida riga da hula da safa. A saninsa haka ake zuwa gaban wanda ake girmamawa. Ya shigo ya durƙusa ya ce, "Inna, na dawo."

Ta shafa hular, ta shafa ulun, ta shafa fuskar. Ta sunkuya ta sansana wuyansa, ta daɗe. Sai ta janye hannu.

"Ke 'yar nan, don ba na gani za ki cuce ni? Wannan ba nawa ba ne. Ba shi da warin komai. Ki mayar musu da abinsu."

Ta juya ta shige ɗaki. Jatau ya zauna a ƙasa, baki buɗe. Ni kuwa raina ya ɓaci har ba na gani sosai. Na fizge hular na jefa bayan danga, na ce ya tuɓe wannan tsiyar. Na ɗauko fartanya na cusa masa a hannu. "Ga gonar bayan gida can, ruwa ya sauka, ba wanda ya taɓa ta. Kada in ga ƙeyarka sai rana ta take tsaka."

Bai iya ba, noman nasa abin dariya, maƙwabta har leƙe suke. Hannunsa ya yi bororo, ya fashe. Bai tsaya ba. Ina kai masa ruwa a ƙwarya yana shanyewa yana miƙo ta. Da azahar ya shigo, ba riga, jiki na sheƙi, ƙasa har gira. Ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

Inna na zaune tana jan carbi. Sai carbin ya tsaya. Ta ɗaga hanci. Ta miƙa hannu biyu ta kamo kansa, ta jawo shi, ta cusa fuskarta a wuyansa. Na ga kafaɗunta na rawa.

"Warin ubansa," in ji ta. "Sak, wallahi sak." Ta riƙe shi kamar za a ƙwace. Can ta ɗago, ta shafa haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya, ta juyo inda take jin numfashina.

"Ke 'yar nan, kina tsaye kina kallo? Ba ki ga yadda suka busar min da yaro ba? Ɗora tukunya."

Na ɗora. Iyakar abin da idona ya gani ke nan, jama'a, in na ƙara ko na rage Allah ya yafe min.